Ranar da Dibidinmu Ya Ƙi Buɗe Baki

Dibidin gidanmu ya girmi 'yata ta fari da wata biyar. Maigidana ne ya sayo shi lokacin muna ɗaki ɗaya, ko kujera ba mu da ita, a kan katifa muke zama mu yi kallo. Yau shekara goma sha uku ke nan. Mun tashi gida sau uku da shi. Ya taɓa faɗowa daga kan firji, ya taɓa shan shayi rabin kofi, kuma akwai ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone mana talabijin da fanka da dutsen guga, shi kuwa ko gezau. Baƙi ne siriri, gefensa na hagu a lotse tun faɗuwar nan.

Yana da halinsa. In ka danna masa maɓalli ba ya amsawa nan take, sai ya yi tunani tukuna. Tirensa kan fito rabi ya tsaya, sai ka taimaka masa da ɗan yatsa. In ya haɗiye faifai sai ya yi gurnani kamar mai gyaran murya, ka ƙirga har shida, sannan hoto ya fito. Amma fa in ya fara ba ya tsayawa. Faifan da ya karce, wanda na maƙwabta ke tofarwa, namu yana karantawa, iyaka dai ya ɗan yi tsalle a wurin tabon ya wuce. Maigidana Dattijo yake ce masa. Da yara suka koma kallo a waya, Dattijo ya zama wurin ajiye makulli da allura, ƙura ta rufe shi. A haka yake har Inna ta zo.

Inna ita ce mahaifiyar maigidana. Shekara talatin ta yi tana aikin ungozoma a asibiti kafin ta huta. Tun rasuwar mijinta, shekara shida da suka wuce, take zaune ita kaɗai a gidansu da ke ɗaya gefen gari, kuma duk yadda muka yi ta dawo wurinmu ta ƙi. Wata safiya ta faɗi a tsakar ɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Sai bayan azahar maƙwabciyarta ta leƙa ta same ta a ƙasa. Ta yi sati uku a asibiti, daga nan muka ɗauko ta. A falo muka sa mata gado, don ya fi kusa da banɗaki, kuma daga kicin ina hango ta.

Ranar da za a sallame mu, likitar gashin ƙashi, wata 'yar gajeriyar mata mai saurin magana, ta miƙo min faifai a cikin ambulan.

"Ba kullum za ku iya kawo ta ba," in ji ta. "Kuna da dibidi a gida? To ku sa mata wannan kowace safiya, ta riƙa bin abin da ake yi. Guda ɗaya ya rage min, ku riƙe shi da kyau."

Faifan ba hoto a bayansa, rubutun alƙalamin maka ne kawai. A ciki wani dogon mutum ne mai koriyar riga, zaune kan kujera. Yana ɗaga hannu, yana murza ƙafa, yana buɗe yatsu yana rufewa, yana ƙirgawa a hankali har goma. Minti ashirin da biyar ne duka.

Kafin faifan nan, Inna ta ƙi kowa. In na kama hannunta zan motsa mata, sai ta sa mai lafiyar ta ture ni. Ɗanta ma haka. Macen da ta yi rayuwarta tana ɗaga mata daga gado, yanzu ita ake ɗagawa, abin ya tsaya mata a wuya. Amma ranar da na share wa Dattijo ƙura na sa faifan, ta zuba wa mutumin nan ido har ya gama. Kashegari na ga yatsunta suna motsi a kan zane. A rana ta biyar ta ɗaga hannun kamar tsawon cokali daga cinya.

Da bakinta ya fara buɗewa na tambaye ta me ya sa take bin nasa ba ta bin namu.

"Shi," ta ce, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "ba ya... kallona... da tausayi."

Ta sa masa suna Malamina. 'Yata ta taɓa nemo mata irin wannan motsa jikin a waya, Inna ta kalla sau ɗaya ta kau da kai. Ta ce wannan ba shi ba ne, kuma mutanen ciki ƙanana ne kamar kiyashi.

Haka muka tsara rayuwarmu. Yara su tafi makaranta, in yi mata wanka, ta karya, in zaunar da ita a babbar kujera da ke fuskantar talabijin. Ƙarfe tara in danna wa Dattijo, ya yi tunaninsa, ya yi gurnaninsa, Malam ya fito. Bayan an gama in ajiye mata ruwa da rimot da wayarta a kan ɗan tebur ta hannun hagu, in kulle ƙofa in tafi shagon ɗinkina da ke bakin layi. Ƙarfe goma sha biyu in dawo. Wata huɗu cur faifan nan bai fita daga cikin dibidin ba, kuma ko sau ɗaya bai ba mu kunya ba.

Hannu ya yi kyau, har kafaɗa take kai shi. Magana ta dawo, sai dai da ɗan nauyi. Ƙafa ce ta tsaya. Inna ba ta miƙewa sai an riƙe ta gam, kuma da an miƙar da ita sai ta fara rawar jiki ta ce a mayar da ita. A zuwanmu na ƙarshe likitar ta matsa ƙafar, ta lanƙwasa, ta ce ƙarfin da zai ɗauke ta yana nan, tsoro ne ya rage. Sannan ta ja ni gefe.

"An yi min canjin wurin aiki, ba za ku ƙara samuna nan ba. Ki riƙe wannan: ciwon nan yana iya dawowa. In kika ga ta yi shiru haka kawai, ko ta daina cin abinci, ko bakin ya sake karkacewa, kada ki jira."

Wata ranar Alhamis na dawo daga shago na tarar da talabijin a kashe. Inna na zaune a kujerarta, ta juya fuska ga bango, gaban rigarta ya jiƙe da gumi. Na gaishe ta, ta amsa a ciki. Na kawo abinci, ta ci loma uku ta ture. Na ɗauka zafi ne, na ƙara mata fanka.

Ranar Juma'a da safe na danna wa Dattijo kamar kullum. Ya yi tunani. Maimakon gurnani sai na ji ƙar-ƙar-ƙar, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Talabijin ya rubuta wai babu faifai. Na danna maɓallin buɗewa, tiren ya motsa kaɗan ya koma. Na sake dannawa, haka. Na cire wayar daga soket na mayar. Na bubbuga samansa, na bubbuga gefensa, na ɗaga shi na ɗan jijjiga, na ji wani abu yana karo a ciki. Har na ɗauko wuƙar kicin zan ɓanɓare bakin, sai na tuna faifan Inna yana ciki, na ajiye.

"Inna, yau Dattijo ya yi yaji," na ce, don in sa ta dariya.

Ba ta ko dubi wajen ba. "Bar shi," ta ce.

Kalma biyun nan su ne duk abin da ta faɗa a ranar. Na ce mu yi motsa jikin da kanmu tunda na haddace, ta rufe ido. Na ce ta ɗaga min hannu in gani, ta ƙi. Abincin rana ya huce a gabanta. Ina wanke-wanke ina leƙen bakinta, in ga kamar ya karkace, in sake dubawa in ga kamar daidai yake. Maganar likitar nan ta yi ta dawo min a kunne har na fasa faranti.

Maigidana direban babbar mota ne, a lokacin yana tafiyar kwana uku daga gida. Na kira shi.

"Ki sayi sabo mana," ya ce. "Ai ya yi ƙoƙari, ya ci a bar shi ya huta."

"Ba injin ne damuwata ba. Faifan yana ciki, kuma ba mu da wani. Matar da ta ba mu ta bar gari."

"To ki fasa shi ki ciro."

"In na fasa har da faifan fa? Kuma ba wannan ne ya sa na kira ka ba. Inna ta daina magana."

Na ji ya rage gudun mota. "Tun yaushe?"

"Tun jiya."

"Ki samo wanda zai duba ta yanzu. In da buƙatar in juyo, ki gaya min."

Maƙwabciyarmu ta ƙofar gaba nas ce. Da ta dawo daga aiki da la'asar na tare ta tun kafin ta cire takalmi. Ta zo da abin awon jini, ta auna sau biyu, ta haska idon Inna, ta sa ta matse mata yatsu, ta sa ta fito da harshe. Inna ta yi mata duk abin da ta ce, ba musu, kamar yarinyar da ta yi laifi. A bakin ƙofa nas ta ce min a hankali:

"Jininta lafiya lau, ƙarfin hannun ma yana nan. Ban ga alamar ciwon ba. Amma wani abu na cin ta a rai. Gobe ba ni da aiki, zan zauna da ita. Ki je ki nemo mai gyara. In har gobe da yamma ba ta sake ba, mu kai ta asibiti tare."

Ranar Asabar na naɗe Dattijo a tsohon tawul na sa a jaka, na nufi layin masu gyara a kasuwa. Shagon farko samari ne uku, kowa da waya a warwatse a gabansa. Da na buɗe tawul ɗin ɗayansu ya yi dariya.

"Anti, har yanzu akwai masu wannan? Mu waya muke yi. Ki miƙe har ƙarshen layi, ki tambayi Injiniya. Shi ne mai kayan tarihi."

Shagon Injiniya ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba sa wucewa a jere. Rediyoyi ne jibge har rufi, talabijin masu ƙaton baya, fankoki marasa fuka-fuki, da wani kwano cike da kusoshi iri-iri. Shi kansa dattijo ne mai furfura, gilashi biyu a fuskarsa, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya karɓi dibidin da hannu biyu, ya juya shi, ya karanta bayansa.

"Irin wannan ba sa mutuwa da sauƙi," ya ce. "Lokacin da ake sa ƙarfe a cikin kaya aka yi shi. Me ya same shi?"

Na ba shi labari, har na Inna da Malaminta. Na ce, "Baba, don Allah, ko injin bai tashi ba, faifan nake so ya fito lafiya."

"An sa masa wuƙa?"

"Saura kaɗan."

"Allah ya taimake ki. Rabin waɗanda ake kawo min, wuƙa ce ta ƙarasa su, ba ciwon ba. Zauna."

Na zauna a kan wata tsohuwar sifika. Ya kwance kusoshi huɗu ya jera su a murfin kwalba, ya zame murfin sama. Ƙura ta tashi, ya hura. Ya sauko da gilashin goshi ya ɗora kan na ido. Da ɗan hantsaki ya fara ciro abubuwa yana ajiyewa a kan takarda: allurar ɗinki, tsinken ashana, wani ɗan dutsen kwalliya na riga.

"Tela ce ke," ya ce, ba tambaya ba.

Sai ya ƙara sunkuyawa.

"To ga mai laifin. Wa ya ɗora faifai a kan faifai?"

"Faifai ɗaya ne a ciki, Baba. Wata huɗu ba a taɓa shi ba."

"Zo ki gani da idonki."

Na leƙa. Faifan Inna na zaune a gurbinsa. A bayansa wani faifan ya zame ya maƙale a karkace tsakanin tire da bangon injin, shi ya tokare bakin. Injiniya ya murza wani ɗan gare mai haƙora da yatsa a hankali, tiren ya saki, ya zaro faifan ya miƙo min.

Na san rubutun da ke kai, na maigidana ne: Ranar sallamar Baba daga aiki. Faifan da aka ɗauka ne ranar da surukina ya yi ritaya daga gidan waya. Mun kwaso shi cikin kayan Inna, na sa shi da sauran tsofaffin faya-fayai a gwangwanin biskit, na ɗora a kan kantar falo, gefen talabijin. Ban ƙara tunawa da shi ba.

Na tsaya riƙe da faifan ina lissafi a raina. Ranar Alhamis da safe injin ya yi aiki lafiya, a gabana. Yara suna makaranta har ƙarfe biyu. Maigidana yana kan hanya. Ƙofa a kulle take, makulli a jakata. Daga kujerar Inna zuwa kantar nan faɗin falo ne gaba ɗaya, kuma gwangwanin yana daidai ƙirjin mutum in yana tsaye. Na tuna rigarta da ta jiƙe da gumi.

Na koma kan sifika na zauna. Hawaye suka zubo ban shirya ba.

Injiniya ya ɗago a firgice. "Haba baiwar Allah, ba abin da ya mutu fa. Dubi, ko tsagewa bai yi ba."

"Baba," na ce, ina dariya ina share fuska, "ta tashi ne. Surukata ta taka da ƙafarta."

Ya dube ni, ya dubi faifan, ya cire gilashi ɗaya. "Ita da kika ce ba ta miƙewa?"

"Ita."

"Kai, alhamdu lillahi. Shekara arba'in ina buɗe cikin kaya, na ga kyankyaso, na ga kuɗin tsaba, na ga ɓera da 'ya'yansa. Ban taɓa ciro albishir ba sai yau."

Ya ci gaba da aikinsa yana murmushi. Ya nuna min wata 'yar roba zagayayya da ta saki, ya ce ita ke jan tire, ita ta sa yake fitowa rabi. Ya laluba a cikin wata kwalba ya samo daidai ita ya sa. Ya goge idon injin da auduga a kan tsinke, ya ɗiga mai a wurare biyu. Ya haɗa da wani ƙaramin talabijin, ya danna. Tiren ya fito gaba ɗaya, sumul, abin da ban gani ba tun 'yata tana rarrafe. Ya sa faifan Inna. Dattijo ya yi gurnaninsa, sai ga Malam da koriyar rigarsa yana ɗaga hannu. Muka kalla har ya ƙirga goma sau biyu. Ya gwada ɗayan ma, ya ɗan yi tsalle a farko inda ya karce, sannan ya zauna daidai.

"Wannan injin zai ƙara miki shekara biyar," ya ce, "in dai ba a cusa masa loma biyu lokaci guda ba. Amma ki ji shawara. Abin da kike da shi guda ɗaya tak, kada ki bar shi guda ɗaya."

Ya kunna wata tsohuwar kwamfuta a lungun shagon, ya kwafe min kowanne sau biyu. Ya rubuta sunayen da maka, ya ce in ajiye na asali a wani wuri dabam, in riƙa amfani da kwafin.

Da na isa gida nas ta ce Inna ta sha shayi rabin kofi, ba ta ce komai ba. Na yi mata godiya ta tafi. Yara suna wajen wasa. Na mayar da Dattijo wurinsa, na haɗa wayoyi, Inna na kallon bango. Sannan na jawo 'yar kujera na zauna gabanta, na ɗora faya-fayan biyu a kan cinyarta.

Ta dube su. 

"Na kashe muku... inji," ta ce.

"Bai mutu ba, Inna. Ya fi da lafiya ma."

"Malamina?"

"Yana nan garau. Har ƙanne biyu aka yi masa."

Ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka. Ta shafa faifan mijinta da babban yatsa.

"Muryarsa na so ji," ta ce. "Na ɗauko. Na buɗe. Yatsun nan suka ƙi... ciro na ciki. Na gwada, na gwada. Ƙafa ta fara rawa. Sai na ɗora a kai. Na ce ai zai karanta na sama."

"Inna, tun yaushe kike tashi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kwana tara."

"Kwana tara! Ke kaɗai a gida, ƙofa a kulle?"

"Da farko miƙewa kawai. In riƙe kujera. Sai na kai tebur. Sai bango. Ranar nan ne na kai can."

"In da kin faɗi ƙasa fa? Me ya sa ba ki gaya mana ba? Kin san yadda ɗanki ke jiran ranar nan? Ni kuwa kwana biyu ina leƙen bakinki, na ɗauka ciwon ne ya dawo."

Ta ɗago ta dube ni sosai, karo na farko tun ranar Alhamis.

"In kun ga na miƙe, za ku ce na warke."

"To ai abin da muke roƙo ke nan."

"Sai ku mayar da ni... wancan gidan." Ta dubi taga. "'Yar nan, daga safe har azahar ina ƙasa. Ina jin mutane suna wucewa ta bayan taga. Ina kira, baki ya ƙi. Ƙuda ya sauka a fuskata, ba hannun kora. Ni ba zan koma ba. Kuma ba zan roƙa ba. Ni na ƙi zuwa da kuka ce in zo."

Shekara goma sha huɗu ina surukarta, ban taɓa jin ta ce tana tsoron wani abu ba. Na kama hannunta na dama, wannan karon ba ta ture ni ba.

"Wa ya ce miki za ki koma? Inna, ko gudu kika fara yi a layin nan, nan ne gidanki. Mun riga mun yi magana da shi tun kina asibiti. Ɗakin ajiya za mu kwashe a yi masa fenti, ki bar falo ki samu ƙofarki. Jira muke ki ƙara ƙarfi kawai, shi ya sa ba mu faɗa ba."

"Ba ku faɗa ba," ta maimaita.

"Ba mu faɗa ba. Laifinmu ne."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta yi tsaki. "Kowa ya yi shiru da nasa. Gidan kurame."

Na yi dariya har na dafa ƙasa. Ita ma gefen bakinta ya ɗaga.

"Matsa," ta ce.

Na kwashe faya-fayan na kai gefen Dattijo, na ja kujerata baya. Ta dafa hannun babbar kujera da hagu, ta turo jikinta gaba, ta jawo ƙafar dama ta daidaita. Na miƙa hannu, ta harare ni, na mayar. Ta yunƙura sau ɗaya, bai yi ba. A na biyu ta miƙe. Ta tsaya tana numfashi, sannan ta kai hannu ga tebur, daga tebur zuwa bango. Tana jan ƙafar dama, silifas ɗin yana zamewa tana gyarawa. Ina binta a baya da hannuwa a buɗe, ban taɓa ta ba. Taku goma sha ɗaya na ƙirga har ta isa kantar.

A nan tsaye na sa faifan Malam a tire, na nuna mata yadda ake sa yatsa a ramin tsakiya a ɗago faifai. Ta gwada da dama ya suɓuce, na cafe. Ta sake, ya fito. Ita da kanta ta sa na mijinta, ta danna. Komawa kujera kam sai da ta yarda ta dafa kafaɗata, don ƙafar ta gaji.

Muka zauna muka kalla. Ga surukina a ofishinsu, cikin abokan aiki, ana ba shi agogon bango a naɗe. Ya karɓi abin magana ya fara godiya, ya manta sunan shugabansu, kowa ya fashe da dariya, shi ma yana yi har yana riƙe ciki. Inna ba ta yi kuka ba. Ta nuna shi da haɓa.

"Dubi maɓallin rigarsa. A karkace. Tun a gida na gaya masa."

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, maigidana ne. Zan tashi in fita in ba shi labari, Inna ta miƙo hannu.

"Kawo. Ni zan faɗa."

Na sa mata a hannun dama, ta riƙe, na buɗe muryar yadda zan ji.

"Inna? Inna, ke ce? Yaya jikin? An ce kin ƙi magana, har na nemi wanda zai karɓi motar in taho."

"Ka tsaya a gefen hanya?"

"Na tsaya."

"To ka ƙarasa aikinka. In za ka dawo, ka sayo min takalmi."

 Ina jin motoci suna wucewa ta wajensa.

"Takalmi, Inna?"

"Takalmi. Mai rufi, wanda ke kama dunduniya. Waɗannan silifas ɗin zamewa suke. Lamba talatin da tara. Kuma kada ka sayo baƙi."